Ba Ta Tafasa a Gareji

Tun daga bakin titi Maigareji ya ji warinta kafin ya gan ta. Warin ruwan da ya dahu a cikin ƙarfe ba ya ɓuya, ɗan ƙauri ne mai haɗe da tsatsa, kamar an bar tukunya a wuta an tafi unguwa. Bai ko ɗaga kai daga kofin shayinsa ba. Ya san farar bas ɗin Hajiya ce, ya san Yaya ne a sitiyari, ya kuma san abin da za a ce masa, don an maimaita masa har ya haddace: ta sake tafasa a hawa.

Maigareji ya kai shekarun da ba ya shiga ramin gyara sai ya yi shawara da bayansa, kuma bayan ba kullum yake amincewa ba. A da, in mota ta gagare shi, daɗi yake ji, ya naɗe hannun riga ya ce yau ko ni ko ke. Yanzu kuwa in mota ta gagare shi, barci kawai yake ji. Wannan bas ta sa shi jin barci tun da safe.

Ba abin da bai yi mata ba. Ya fara da murfin lagireto, tankin ruwan sanyaya inji, don shi ne ƙaramin munafukin da aka fi rainawa. Ya sake shi, ta tafasa. Ya bi tiyo ɗaya bayan ɗaya yana matsawa kamar mai zaɓen tumatir, ya canja wanda ya yi laushi, ya ɗaure fambel, bel ɗin da ke juya fanka, har sai da ta yi ƙara. Ya sauke lagireton gaba ɗaya ya kai wa mai wankewa, aka buɗe shi aka zura masa tsinken ƙarfe rami-rami, aka fitar da laka mai isa a shuka albasa. Ta tafasa. Ya sa mata sabon famfon ruwa, ko da yake tsohon lafiyarsa ƙalau, yana nan ma a kan kantar gareji yana kallonsa kullum kamar wanda aka kora daga aiki ba da laifi ba. Tamostat kuwa, ɗan ƙarfen nan da ke buɗe wa ruwa hanya in inji ya yi zafi, a butar shayinsa ya dafa shi don ya ga ko yana buɗewa. Ya buɗe baki wangame kamar yana yi masa dariya, shayin gareji kuma ya daɗe yana ɗanɗanon ƙusa.

Saura babban abin tsoro, wato gasket, shimfiɗar nan da ke tsakanin inji da kansa. Ya tsaya a kan bakin lagireto, inji na aiki, yana jiran ya ga kumfa tana tasowa, har wuyansa ya sage. Babu. Ya zaro ma'aunin baƙin mai ko zai ga ya koma kalar shayi da madara, ya tarar da shi baƙi wuluk yadda Allah ya yi shi. Salansa ba ta fitar da farin hayaƙi. Mota dai lafiyarta lau, ta fi mai gyaranta lafiya.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne ba ta taɓa tafasa a hannunsa ba. Akwai dokar da ya gada daga ubangidansa da ya koya masa aiki: bakanike ba ya barin direba ya gwada masa mota, don direba yana tuƙa ta ne yadda zai nuna ba laifinsa ba ne. Saboda haka duk bayan gyara shi da kansa yake hawa. Har buhunan yashi ya taɓa lodawa a kan kujeru a madadin fasinja, ya ja ta zuwa dogon hawan nan da ake ƙorafi a kai, ya haye shi, allurar zafi tana zaune a tsakiya daram kamar alƙali. Ya dawo gareji, ya sauko yana murza gwiwa yana zagin kulocin motar mai taurin tsiya, ya miƙa wa Yaya makulli. Kwana kaɗan sai ga warin nan daga bakin titi.

Yaya ya sauko ta ɗaya ɓangaren, inda Maigareji ba ya ganinsa, sannan ya zagayo a hankali da farar rigarsa wadda ko ɗigon mai babu. Yayan matarsa ne, kuma da yake mahaifinsu ya rasu tun tana ƙarama, daga hannunsa Maigareji ya karɓi aurenta. Tun ranar bai taɓa iya kallon tsakiyar idonsa ba. Sauran direbobi yana yi musu tsawa, ya ce sun mai da mota jaka. Shi kuwa Yaya, sai dai a gaishe shi a tambaye shi hanya.

“Yaya, an dawo lafiya?”

“Lafiya. Ta dai yi halinta.”

Iyakar bayanin ke nan. Yaya ya fara tuƙi tun Maigareji yana wanke ƙusoshi a cikin gwangwanin kananzir, kuma a ganinsa direban da ke yawan bayani bai iya tuƙi ba.

Da yamma Hajiya ta zo da kanta, abin da ba ta saba yi ba. Mijinta ya rasu ya bar mata bas biyu, ɗaya ta riga ta zama gidan kaji a bayan gareji, wannan ce ta rage. Ta zauna a kan tsohuwar kujerar mota da ake ba baƙi, ta ƙi shan shayi, ta ce labarin butar ya iso mata. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Cewa ta yi ta gaji. Fasinjoji sun fara tambayar wace mota ce a layi kafin su shiga, in suka ji farar ce sai su ce za su jira ta gaba. A tasha an raɗa mata suna Tukunya. 'Yan'uwanta suna ta ce mata motar ba ta da komai, hannu ne ya tsufa, ta ba wani mai jini a jika.

“Ni ba na son in ci amanar mutumin da maigidana ya riƙe,” in ji ta. “Amma ba zan zauna ina kallo inji ya ƙone ba. Kai ne likitanta. Kafin mako ya fita ina son kalma ɗaya daga bakinka: mota ce ko direba?”

Maigareji ya ce in sha Allah, wanda a bakinsa ranar nan yake nufin ya ji, amma bai ji daɗi ba.

A gida ya tarar labarin ya riga shi. Maman yara ta ajiye masa abinci, ta zauna kusa fiye da yadda ta saba, alamar akwai magana. Ta tuna masa abin da ya sani: ɗakin da Yaya yake kwana a bayan gidan Hajiya na direban mota ne, ba na Yaya ba. In aiki ya tafi, ɗaki ya tafi. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa mata kowace tana gidan miji a nesa, kuma Yaya ba mutumin da zai je ya zauna wa suruki ba ne. Maigareji ya so ya ce to shi ma ai suruki ne, amma ya ga ba a nemi ra'ayinsa ba. Ta ce ba komai, ai Allah ya rufa asiri suna da ƙaramin ɗakin nan na bakin ƙofa, wanda ba kowa a ciki sai tarkace.

Tarkacen nan shi ne Maigareji. A ɗakin nan yake da kujerar bas mai kwantawa baya, da rediyon da ba ya kama tasha sai an dafa shi, da kwalayen kayan mota da ya tabbata wata rana za a nema. Nan yake shiga in ya dawo, ya turo ƙofa, ya zauna ba wanda ya ce masa ji wannan ƙarar, ba wanda ya ce masa gas ya ƙare. A duk faɗin duniya nan ne kaɗai ba a kawo masa abin da ya lalace. Ya yi tunanin Yaya a ciki, da farar rigarsa a rataye, da shirunsa mai cika gida, shi kuma yana tsakar gida yana gaishe shi safe da yamma har ƙarshen rayuwa. Ya ture kwanon abincin, Maman yara ta ɗauka tausayin ɗan'uwanta ne ya hana shi ci, har ta yi masa addu'a.

Washegari ya karya dokar ubangidansa. Ya je tasha da sassafe da jakar kayan aiki, ya ce zai bi su. Yaya ya dube shi, ya dubi jakar, ya ce mota ta cika. Maigareji ya ce zai zauna a kan murfin inji. A irin waɗannan bas ɗin injin yana ciki ne, gefen direba, an kife shi da wani akwati mai shimfiɗar leda, wurin da ba mai zama sai wanda bai san ciwon kansa ba.

Kwandastan, wani mai furfura da suka daɗe tare da Yaya har sun fara kama, yana ta jera jarkokin ruwa a ƙarƙashin kujerar gaba. Maigareji ya lura ba ya tambayar ko za a buƙace su. Wata mata mai kwandon kaya a cinya ta ga jakar sifanu, ta ce alhamdu lillahi, yau Tukunya da mai dafa ta aka taho. Mota ta ɗauki dariya. Maigareji ma ya yi, don ya ga in bai yi ba shi kaɗai zai rage.

A shimfiɗaɗɗiyar hanya ba abin da za ka ce. Yaya yana tuƙi kamar mai rubutu, ba gaggawa ba tangarɗa, yana kauce wa ramuka tun kafin su san ya zo. Allura tana tsakiya. Maigareji ya kasa kunne yana sauraron injin ta ƙarƙashinsa, yana jin ɗuminsa yana ratsa wando, yana lissafin abin da ya rage bai taɓa ba, bai samu ba. Ya fara gyangyaɗi. Abin da ya farkar da shi shi ne jin motar ta ƙara gudu a inda bai kamata ba.

Hawan ne ya taso a gabansu, dogo, mai lanƙwasa, irin wanda ba ya nuna ƙarshensa. Yaya ya taka totur tun daga ƙasa, ya tara gudu, ya shige shi da babbar giya. Maigareji ya ce a ransa, to, salon tsofaffin direbobi ne, yanzu zai sauke. Gudun ya fara zubewa. Muryar injin ta yi ƙasa, ta yi kauri, ta koma gurnani. Sandar giya ta kama rawa, gilasai suka kama kaɗawa. A madubi baƙin hayaƙi ya turnuƙe bayansu. Maigareji ya ji ƙafarsa ta hagu tana danna ƙasa da kanta, tana neman kulocin da ba nata ba. Maganar ta zo masa har leɓe, Yaya a sauke giya, ya haɗiye ta. Wa zai koya wa Yaya sauke giya?

Allura ta bar tsakiya.

A nan ne ya daina kallon allura ya kalli mutum. Yaya ya zame hannun hagu daga sitiyari, a hankali, kamar mai gyara zaman riga. Ya kama wandonsa ta saman gwiwa, ya ɗaga ƙafar da hannu ya ɗora ta a kan kuloci. Ya cije. Jijiyar wuyansa ta miƙe, ya danna da dukan jikinsa har ya ɗan tashi daga kujera, ya fizgo giya ɗaya. Injin ya ɗan sami numfashi. Amma an makara, kuma hawan yana neman a sake saukewa, wataƙila har sau biyu. Ƙafar ta koma gefe ta kwanta kamar ba tasa ba. Gumi ya tsattsafo masa a goshi duk da sanyin safiya. Ya ƙara danna totur har ƙasa, yana lallashin motar da mai, tun da ba zai iya lallashinta da giya ba.

Kwandasta ya zaɓi daidai wannan lokacin ya ta da gardama da wani fasinja a kan buhun da ya tare hanya, da murya mai ƙarfi, duk idanu suka koma baya.

Kunya ta kama Maigareji, gajiya ta biyo bayanta. Ai abin a fili yake, ko a shekararsa ta farko a gareji ya san shi. Fanka da famfon ruwa ba su da wani ƙarfi nasu, injin ne ke juya su. In aka bar inji yana tafiyar hawainiya a babbar giya, ga lodi, ga hawa, ga mai ana ta ɗura masa, to wuta ta yi yawa mai fifita kuma yana gyangyaɗi. Ruwa ba ya zagayawa, iska ba ta ratsa lagireto. Dole ta tafasa. Shi kuwa duk ranar da ya gwada ta, yana sauke giya a kan kari ba tare da ya ko yi tunani ba, fanka tana ruri, allura tana zaune. Ya kwashe watanni yana tuhumar ƙarafa marasa laifi, alhali ciwon yana zaune a gefensa sanye da farar riga.

Ba su kai ƙarshen hawan ba allura ta shiga ja. Yaya ya gangara gefe ya tsaya, tururi ya taso ta gaban gilashi. Fasinjoji suka sauka ba tare da an ce musu ba, kowa ya nufi inuwar da ya saba. Matar nan mai kwando ta ce wa Maigareji ko a miƙo masa gishiri. Kwandasta ya ɗauki wani akwatin lemo na roba ya zagaya ta ƙofar direba ya ajiye a ƙasa, ya juya baya yana kallon daji. Ta ƙarƙashin mota Maigareji ya ga ƙafar dama ta sauko kan akwatin, ta jira, sannan ta hagun ta biyo ta a miƙe.

Maigareji ya bar injin yana juyawa a hankali har zafin ya faɗa, ya hana kwandasta taɓa murfi. Sannan ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashin motar, ba ta wajen lagireto ba. Akwai wata 'yar tukunyar iska a gefen giya, busta ake ce mata, aikinta ta karɓi rabin nauyin kuloci daga ƙafar direba. Ya same ta. Tsatsa ta cinye ta, tiyon iskarta ya tsage ya bushe, gizo-gizo har ya yi gida ya tashi. Ta mutu tun ba a san ranar ba, kuma ba wanda ya kawo ƙara, don a wajen direbobi cewa kuloci ya yi tauri daidai yake da cewa na tsufa. Shi ma da ya ji taurin, zagi kawai ya yi ya wuce.

Ya fito ya tarar da Yaya zaune a kan dutse, ƙafar hagu a miƙe, yana kallon hanya. Ya tsuguna nesa kaɗan, yana goge hannu da tsumma.

“To, ka gani da idonka,” in ji Yaya. “Me ka gano?”

“Yaya, kulocin nan tun yaushe yake haka?”

“Me ya same shi? Kulocin maza ne.”

“Haka ne.” Maigareji ya juya tsumman. “Ni dai ya fi ƙarfina. Duk ranar da na gwada motar nan, sai na kwana ina shafa wa gwiwa man zafi. Maman yara har ta ce warin ya hana ta barci. In an ba ni izini zan gyara bustar, ko don ni.”

Wata babbar mota ta wuce su tana nishi, Yaya ya bi ta da ido har ta sha kwana. Maigareji ya ɗauka maganar ta mutu, har ya yunƙura zai tashi.

“Wane iri kake shafawa?” in ji Yaya, bai juyo ba.

Ya faɗa masa. Ya ce mai jan murfin ya fi, mai koren ƙamshi ne kawai. Yaya ya gyaɗa kai kamar an ba shi labarin farashin taya.

A sauran tafiyar Maigareji bai kalli allura ba sam. Ƙafar dama yake kallo, wadda ke kan birki, don a nan ne maganar za ta wuce ta ɗaki da aiki ta koma ta rayukan mutane. Ya ƙura mata ido a duk gangara, a duk kwana, da lokacin da wata akuya ta yanke shawarar tsallaka titi. Ƙafar tana tashi tana sauka kamar ta saurayi. Ya ji sanyi a ransa, sannan ya tambayi kansa ko sanyin na Yaya ne ko na ɗakinsa. Ya bincika tsakani da Allah, ya tarar ɗakin ne a gaba, Yaya yana biye. Bai ji daɗin wannan jerin ba, amma ya ga ba a kansa aka fara ba.

Da Hajiya ta dawo gareji, ya riga ya kwance bustar ya ajiye ta a kan benci, don a ganinsa magana ta fi tsayuwa in tana da ƙarfen da za a nuna.

“Mota ce ko direba?”

“Kuloci ne, Hajiya.”

Ta dubi ƙarfen, ta dube shi. Ta ce ita ba ta yi karatun mota ba, amma a zaman da ta yi da mai mota ba ta taɓa jin kuloci yana shan ruwa ba. Ya yi mata bayani dalla-dalla, da wuta da mai fifita, da yadda taurin kuloci ke sa a yi jinkirin sauke giya. Ya yi ta cewa “a yi”, “a sauke”, “a danna”, kamar motar aljanu ke tuƙa ta. Ta bar shi har ya ƙare.

“Ƙafar wa kulocin ya fi ƙarfi?”

“Ai ko tawa, Hajiya…”

“Ban tambaye ka taka ba.”

Ya sunkuyar da kai yana kallon bustar. Ita ma ba ta taimake shi ba. Hajiya ta gyara mayafi ta ce tagar ɗakinta tana kallon bayan gida, kuma ita ba ta barcin safe. Ta daɗe tana ganin yadda ake sauko da matakalar nan guda-guda, ana dafa bango. Ta yi shiru ne tana jiran wanda ya san aiki ya gaya mata ko abin yana da gyara. Ta tambaye shi birki fa. Ya ce wannan kam ya sa ido, zai iya rantsuwa. Ta ce ba sai ya rantse ba, yaransa ma suna shiga motar.

“Gyara,” in ji ta, tana miƙewa. “Amma ka ji da kyau, Maigareji. Ranar da ta sake tafasa, ba motar za a kawo maka ba.”

Samun bustar ya ci masa yawo a kasuwar tsofaffin kayan mota, a ƙarshe kuma a jikin gidan kajin nan na bayan garejinsa ya same ta, lafiyayya, bayan ya kori wata kaza da ta ɗauki abin da zafi. Ya wanke ta, ya sake mata roba, ya ja sabon tiyon iska. Da ya gama ya danna kulocin da hannu, ya shige kamar burodi.

Yaya ya hau ya taka, ya sake takawa, ya ɓata fuska. Ya ce an lalata masa mota, yanzu mutum bai san ko ya taka ko bai taka ba, wannan ai sai masu koyo. Maigareji ya ba shi haƙuri. Kwandasta, da yake loda jarkokinsa, ya tsaya ya yi tunani, ya sauke rabi ya bar rabi.

Ba ta tafasa ba ranar, ba ta tafasa ba washegari. Mako ya fita, wani ya shiga, ba a ji warin nan daga bakin titi ba. A tasha sunan Tukunya bai fita ba, don suna ba ya bin gyara. Yaya bai yi godiya ba, da ya yi ma, da Maigareji ya rasa inda zai sa kansa. Sau ɗaya dai da suka gaisa ya ji ƙamshin mai jan murfi yana tashi daga farar rigar, duka biyu suka yi kamar hancinsu ya toshe.

Maman yara ta yi murna, ta ce ai ta san mijinta, ba motar da ke gagararsa. Ya karɓi yabon, don ba kullum ake rabawa ba. Amma shi ya san abin da ya gyara da abin da bai gyara ba. Ya ga yadda hannu ke ɗaga ƙafar nan. Busta tana rage nauyi ne, ba ta mai da shekaru baya, kuma ba a sayar da gwiwa a kasuwar tsofaffin kaya, da ya riga kowa zuwa.

Ranar hutunsa da hantsi Maman yara ta same shi a ƙaramin ɗakin, ƙofa a buɗe, ya fito da kwali biyu tsakar gida yana ta tsintar abin zubarwa yana mai da rabi ciki. Ta tambaye shi me ya faru, ba an ce Yaya yana nan a aikinsa ba? Ya ce wata sifana yake nema. Ta ce Allah ya bayyana ta, ta wuce.

Ya tsaya yana auna bangon da ido, ya ga in aka fitar da kujerar bas ɗin gado zai shiga, da kyar. Rediyon zai iya bar wa Yaya, in ya koya masa inda ake dafawa. Dokin ƙofar ne dai ya yi tsawo, ko mai ƙafa biyu sai ya ɗaga. Zai sa a fasa shi a yi masa gangare da siminti, ba yanzu ba, amma kafin a buƙata, don kada a ce don wani aka yi. Ya ɗaga ƙafa zai tsallaka, gwiwarsa ta hagu ta yi ƙara ƙas. Ya dafa bango ya jira ta gama maganarta, sannan ya koma ciki ya zauna a kujerar, ya kwantar da ita baya, tun da har yanzu tasa ce.